Tunawa da 'yan rok na Najeriya: matasan da suka fito daga yaƙi suka ɗauki jita

A shekarar 2024 labari ya zo daga Amurka cewa Joni Haastrup ya rasu. Da za mu tsaya a Obalende ko Agege mu tambayi masu wucewa ko wane ne shi, da wuya a samu wanda zai amsa, in ba dattijon da ya yi samartaka a Legas ba. Alhali akwai lokacin da muryar wannan mutumi take tashi daga shagunan faifai na garin nan. Rasuwarsa ce ta sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin sa'o'insa, wato makaɗan rok na Najeriya, waɗanda suke ta tafiya ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙasar ta ko ɗaga kai ba.

Yawancinmu ba mu riski zamaninsu ba. Mun dai tashi mun tarar da ragowar faifansu a akwatunan iyaye da na maƙwabta. Amma tarihin garuruwan da muke zaune muke neman abinci a cikinsu ne, kuma wanda ya zauna a gari ya kamata ya san abin da garin ya taɓa ji.

Mu fara da shi kansa kiɗan. Rok ya samo asali ne a Amurka a shekarun 1950, daga kiɗan baƙar fatar ƙasar, ta hannun mutane irin su Chuck Berry da Little Richard, sannan Elvis Presley ya kai shi gidajen Turawa. A shekarun 1960 matasan Ingila irin su Beatles suka ɗauka suka bazu da shi duniya. Kayan aikinsa ba su da yawa: jita mai aiki da lantarki, jita mai babbar murya da ke riƙe gindin kiɗa, jerin ganguna da mutum ɗaya ke kaɗawa, wani lokaci da ogan. Samari huɗu ko biyar sun isa su kafa ƙungiya. Wannan sauƙin ya ja hankalin 'yan makaranta a Legas da Inugu da Fatakwal tun kafin yaƙi. A lokacin kiɗan hailaif ne sarki, shi kuwa yana buƙatar taron mabusa da kayan busa masu tsada, kuma matasa suna yi masa kallon kiɗan iyayensu.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, bai tsaya ba sai Janairun 1970. Da yawa daga manyan mawaƙan hailaif 'yan Gabas ne, suka bar Legas suka koma gida, gidajen rawa suka yi tsit. A ɓangaren Biyafara kuma wasu ƙungiyoyin samari, irin su Hykkers, suka ci gaba da wasa a tsakiyar yunwa da ruwan bama-bamai, suna nishaɗantar da sojoji. Ga saurayi a wancan lokaci, iya kaɗa jita na iya zama dalilin samun abinci da kuma kuɓuta daga fagen daga.

Da aka gama yaƙi, Janar Yakubu Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Amma a ƙasa mutanen Gabas sun dawo hannu rabbana. Wanda ya taɓa kuɗinsa na banki lokacin yaƙi, fam 20 aka ba shi komai yawan ajiyarsa. A irin wannan hali babu saurayin da zai iya sayen jita da lasifika. Masu kuɗi a yankin a lokacin su ne hafsoshin sojan tarayya da aka girke a can, su ne kuma suka riƙa sayen kayan kiɗa suna ɗaukar nauyin ƙungiyoyi domin su yi wa barikoki wasa. Abin mamaki, yaran da jiya suke ɗaya gefen ramin yaƙi, yau su ne ke kan dandamali, waɗanda suka yaƙe su suna rawa a ƙasa. Daga nan garuruwan Aba da Owerri da Inugu da Onitsha suka zama matattarar rok.

Kiɗan da suka fito da shi ya sha bamban da na Beatles mai laushi. Sun saurari Jimi Hendrix, wanda ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumba, 1970 yana da shekara 27, sun ji yadda yake sa jita ta yi kuka da gurnani. Sun saurari Santana, sun kuma ga James Brown da idonsu lokacin da ya zo Najeriya a ƙarshen 1970. Suka haɗa wannan da kiɗan gangunan gida. Duk wanda ya saurari faifan farkon shekarun 1970 zai ji wata ƙara mai kaushi a cikin jitar, kamar ta mutumin da ya daɗe yana haɗiye magana.

A cikin na Gabas, biyu sun fi fice. Ta farko ita ce Wings ta garin Aba, wadda mawaƙinta Spud Nathans ya zama gwarzon 'yan makaranta saboda daɗin muryarsa. Bai yi tsawon kwana ba. A ƙarshen 1974 ya rasu a haɗarin mota, ƙungiyar tana tsakiyar tashe. Bayan mutuwarsa abokan aikinsa suka rabu gida biyu, Original Wings da Super Wings, kowane ɓangare yana cewa shi ne magajin sunan.

Ta biyu ita ce Funkees, wadda ta haɗa Harry Mosco da Jake Sollo a kan jita, da Chyke Madu a kan ganguna, da Sonny Akpan a kan gangunan hannu, da mawaƙi Mohammed Ahidjo. Suna waƙa da Ibo da Turanci. A 1973 suka tafi Landan neman kasuwar duniya, suka fitar da faifai a can, amma kafin shekarun 1970 su ƙare ƙungiyar ta watse. Jake Sollo ya ɗan yi aiki da Osibisa, fitacciyar ƙungiyar nan da 'yan Ghana suka kafa a Landan, sannan ya dawo gida ya zama mai tsara wa mawaƙa kiɗa a situdiyo. Hannunsa na cikin faifai masu yawa da suka yi kasuwa a farkon shekarun 1980, har da na Felix Lebarty. Shi ma haɗarin mota ne ya yi ajalinsa a 1985. Harry Mosco ya ci gaba shi kaɗai, ya yi suna a ƙarshen shekarun 1970, ya rasu a 2012.

Mu da muka san hanyoyin ƙasar nan, muka kuma rasa 'yan'uwa direbobi da fatake a kansu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Makaɗi a wancan zamani rayuwarsa a kan titi take, ya gama wasa da tsakar dare ya kama hanyar wani gari. Ko a ɓangaren hailaif, Rex Lawson a 1971 da Celestine Ukwu a 1977 duk a haɗarin mota suka tafi.

A Legas kuma labarin ya bi wata hanya, kuma wani Bature ya shigo cikinsa. Ginger Baker shi ne makaɗin gangunan Cream, ɗaya daga manyan ƙungiyoyin rok na Ingila, wadda ta watse a 1968. Ya san Fela Kuti tun Fela yana karatu a Landan. A 1971 ya tuƙo mota ƙirar Range Rover ya ratso hamadar Sahara ta Aljeriya da Nijar har Najeriya, aka kuma ɗauki fim ɗin tafiyar. A shekarar ne aka fitar da faifan da ya yi tare da Fela. Daga baya ya gina situdiyo a Ikeja mai suna ARC, mai na'urar ɗaukar sauti layi 16, abin da ba a saba gani ba a yankin nan a lokacin.

Abin da ya fi situdiyon tasiri shi ne ƙungiyar da ya haɗa mai suna Salt. Ya ɗebi matasan Legas, cikinsu da Joni Haastrup, da Berkely Jones mai jita, da Laolu Akins mai ganguna, da tagwayen nan mata Taiwo da Kehinde Lijadu. Ya zagaya da su Turai da Amurka, har suka yi wasa a bukukuwan da suka raka gasar Olamfik ta birnin Munik a Jamus a 1972. Salt ba ta daɗe ba, amma yaran sun dawo gida da sabon ido. Sun ga cewa Bature ba ya buƙatar ɗan Afirka ya kwaikwayi Bature, abin da yake nema shi ne gangar da ba shi da ita.

Berkely da Laolu suka haɗu da Mike Odumosu suka kafa BLO, sunan da aka ɗauko daga haruffan farko na sunayensu, mutum uku kacal, suka fitar da faifansu na farko a 1973. Joni Haastrup, ɗan gidan sarautar Ijesha wanda tun 1966 ya yi waƙa a faifan Orlando Julius, ya kafa MonoMono, kalmar da ke nufin walƙiya da Yarbanci. Waƙarsu da ta fi shahara, Give the Beggar a Chance, kira ce a dubi mabaraci da idon rahama, a daidai lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, masu shi suna ƙara nisa da marasa shi. Daga baya ya koma Kalifoniya da zama, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya raba shi da dandamali shekaru masu yawa kafin rasuwarsa.

Tagwayen Lijadu sun cancanci a tsaya a kansu. Sun tashi a Ibadan, kuma sun shiga sana'ar da maza suka mamaye ta ko'ina, daga masu kamfani har masu kayan kiɗa. Tsakanin 1976 da 1979 sun fitar da faifai huɗu a ƙarƙashin tambarin Afrodisia na kamfanin Decca. Na farkon, Danger, cike yake da jitar rok mai kaushi, muryoyinsu biyu suna tafiya tare kamar murya ɗaya. Ba su tsaya kan soyayya kaɗai ba, sun taɓo masu mulki da masu handama a zamanin soja, lokacin da faɗin haka ba wasa ba ne. Daga baya suka koma birnin New York. Kehinde ta rasu a can ranar 9 ga Nuwamba, 2019 tana da shekara 71, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan Ginger Baker, wanda ya rasu a Ingila ranar 6 ga Oktoba yana da shekara 80.

A 1973 ɗin nan dai wani abu ya faru da ya sa sunan Legas cikin tarihin rok na duniya. Paul McCartney na Beatles ya zo da matarsa Linda da abokin aikinsa Denny Laine suka ɗauki mafi yawan faifansu Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa. Sunan ƙungiyarsu Wings, amma kada a haɗa ta da Wings ta Aba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Zaman bai zo musu da sauƙi ba. 'Yan fashi sun tare su da wuƙa sun ƙwace kaset ɗin gwajin waƙoƙinsu, Fela kuma ya fito fili ya zarge su da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da McCartney ya kunna masa abin da suka ɗauka ya ji da kunnensa. Faifan ya zama ɗaya daga mafi shahara a aikin McCartney. Linda ta rasu a 1998, Denny Laine a Disambar 2023. Duniya ta san wannan labari sarai. Abin da ba ta sani ba shi ne, a wannan kamfani na EMI, mai tsara kiɗa Odion Iruoje yana ɗaukar wasu 'yan makarantar St. Gregory's da ke Obalende, masu suna Ofege, waɗanda faifansu Try and Love ya zama na kowane ɗakin kwanan ɗalibai a ƙasar nan tun ba su gama sakandare ba.

Wanda ya fi kowa nisan zango a cikinsu shi ne Sonny Okosun. An haife shi a Inugu ranar 1 ga Janairu, 1947, asalinsa ɗan Esan ne daga jihar Edo ta yanzu. Ya fara da ƙungiyar Postmen yana kwaikwayon 'yan rok na Ingila, sannan ya yi aiki a ƙarƙashin Victor Uwaifo, gwanin jitar nan na Benin wanda shi ma ya rasu a watan Agustan 2021. Daga nan ya kafa tasa, ya sa wa salonsa suna Ozziddi. A 1977 ya fitar da Fire in Soweto, shekara ɗaya bayan 'yan sandan wariyar launin fata sun buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto ta Afirka ta Kudu. Waƙar ta zagaya nahiyar nan. A 1985 yana cikin mawaƙan duniya da suka haɗu suka yi faifan Sun City na yaƙi da wariya. A ƙarshen rayuwarsa ya koma waƙoƙin coci, ya rasu a birnin Washington ranar 24 ga Mayu, 2008 yana da shekara 61.

To me ya kashe kasuwar wannan kiɗa? Dalilai sun taru. Lokacin bikin FESTAC na 1977 a Legas, kunnen matasa ya riga ya fara karkata zuwa disko da rege. A farkon shekarun 1980 farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kayan kiɗa da na buga faifai ya yi wuya. Kaset ya zo, masu kwafar satar fasaha suka cika kasuwa, wanda ya yi waƙa ba ya ganin ko kwabo. Bayan karyewar naira daga 1986, manyan kamfanonin waje suka tattara nasu ya nasu. EMI ya koma Ivory Music, Polygram ya koma Premier, a hannun 'yan ƙasa. Makaɗa wasu suka tafi ƙasashen waje, wasu suka koma coci, wasu suka kama wata sana'a.

Amma akwai wani dalili da muke ganin ya fi waɗannan zurfi, kuma mu Hausawa muna da ma'aunin gane shi. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma har gobe ana sa waƙoƙinsu a rediyo, direba yana kunna su a tasha, yaron da bai taɓa ganinsu ba ya haddace su. Dalili shi ne suna da jama'ar da ta gaje su, harshensu da kiɗansu na wata al'umma ne da ke ganin kanta a ciki. Haka juju yake ga Yarbawa, haka hailaif yake ga Ibo. Rok kuwa na 'yan makaranta ne daga kowane yanki, yawancinsa da Turanci, a ƙungiya ɗaya sai ka samu Bayarabe da ɗan Ibo da ɗan Edo. Wannan shi ne kyawunsa a ƙasar da ta fito daga yaƙin ƙabilanci, shi ne kuma ya zame masa rauni. Da 'yan makarantar suka girma suka watse, babu garin da ya ce wannan kiɗan nawa ne, babu fadar da ta riƙe shi, babu bikin aure ko na suna da ake nemansa. Kayan kowa, ƙarshenta ya zama ba na kowa ba.

Waɗanda suka tono shi daga ƙura baƙi ne. Masu tara tsofaffin faifai daga Turai da Amurka da Japan sun riƙa bin kasuwanni da ɗakunan ajiya suna saye da araha. Kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da tarin Nigeria Rock Special a 2008, da The World Ends a 2010. A 2016 kamfanin Now-Again na Amurka ya fitar da Wake Up You!, tarin waƙoƙi haɗe da littafi, wanda ɗan Najeriya Uchenna Ikonne ya rubuta tarihinsa bayan doguwar bibiya. Ba mu ga laifinsu ba, don da ba su yi ba, da yawa sun ɓace har abada. Abin da ke damunmu shi ne yau matashi a Landan ko Tokyo ya fi jikan mai waƙar sanin darajar faifan, kuma da yawa daga makaɗan sun mutu kafin yabon ya iso.

Yanzu da kiɗan Najeriya ke cika manyan filayen wasa a Turai da Amurka, ana ambaton Fela, wanda ya rasu a 1997, da makaɗin gangunansa Tony Allen, wanda ya rasu a Faris a 2020, kuma sun cancanta. Sai dai ba su kaɗai suka share hanyar ba. Funkees sun ɗauki kaya sun tafi Landan shekara hamsin da suka wuce da irin wannan buri, babu intanet, babu mai ɗaukar nauyi. Tagwayen Lijadu sun tsaya a dandamalin Jamus tun kafin a haifi iyayen wasu taurarin yau.

Ba sai mutum yana sauraron irin wannan kiɗa zai gane darasin ba. Abin da ya same su yana iya samun tarihin kowace jama'a da ke zaune nesa da gida, har da namu: in babu wanda ya rubuta, babu wanda ya adana, wata rana sai dai a saya daga hannun baƙo. Don haka muna roƙon duk wanda yake da tsohon akwatin faifai na mahaifi ko na kawu, ko na Shata ne ko na Ofege, kada ya zubar, kada kuma ya sayar wa 'yan gwangwan. A goge shi, a jingine shi a tsaye, nesa da rana da danshi, a bar shi cikin kwalinsa don sunayen makaɗan a jiki suke. Wanda kuma yake da dattijo a kusa da ya yi zamani a Legas ko Aba ko Fatakwal a shekarun 1970, ya zauna da shi ya tambaye shi, ya ɗauki muryarsa a waya tun yana da rai.

Spud Nathans, 1974. Jake Sollo, 1985. Sonny Okosun, 2008. Harry Mosco, 2012. Ginger Baker da Kehinde Lijadu, 2019. Joni Haastrup, 2024. Muna miƙa ta'aziyya ga iyalansu da abokan aikinsu da suka rage, Allah ya ba su haƙurin rashi.